Na-Sani Ya Yi Kwanci

A jerin shagunan da ke ƙarƙashin benen Hajiya akwai wani mai gyaran agogo da kowa ke kira Na-Sani. Bakinsa ne ya jawo masa sunan. Idan ka ce masa an yi haihuwa a gidanku, kafin ka rufe baki zai ce, "Na sani." Idan ka gaya masa motar ƙaninka ta mutu a hanya, ya sani, har ya san abin da ya kashe ta, ko da bai taɓa ganin motar ba. An taɓa jan shi gefe aka raɗa masa cewa rigarsa a baibai ya sa ta, ya ce ya sani, yayin ne bai iso unguwar ba tukuna.

A faɗi gaskiya, hannunsa yana da kyau a kan agogo. Sai dai tun da waya ta shiga aljihun kowa masu kawo gyara suka ragu, ya zama yawancin yini yana kan benci a bakin ƙofa, agogunan bango na ta bugawa a bayansa kowanne da nasa lokacin, shi kuma yana gardama da maƙwabcinsa Mai Aski. Abokai ne tun suna yara, kuma tun suna yaran Mai Aski bai taɓa yarda da maganarsa ba. Ko cewa ya yi gari ya waye, sai Mai Aski ya leƙa waje ya duba.

A gaban shagunan nan biyu akwai ɗan lambun furanni, dogo siriri, wanda Hajiya mai benen ke ji da shi kamar jikanta na fari. Da hannunta ta shuka shi, ta sa Kafinta na ƙarshen layi ya zuba ɓarɓashin katako a gindin furannin don ƙasa ta riƙe danshi, kuma kullum da safe sai ta sauko ta ja tiyo ta ba su ruwa tana yi musu hira. Duk mai haya a wurin ya san idan ka taka ƙafar Hajiya za ta iya yafewa, amma ban da ganyen furenta.

Wata safiya Na-Sani yana kwance agogon wani dattijo a bakin ƙofa, sai wani ɗan mitsitsin noti ya kuɓuce daga bakin hantsaki, ya yi tsalle ya faɗa cikin lambun. Ya durƙusa yana lalube, da ɗan madubin nan na masu gyara maƙale a idonsa na dama. Bai ga noti ba. Abin da ya gani ya mantar da shi notin da agogon da dattijon da ke zaune yana jira.

A kan ɓarɓashin katakon akwai wasu 'yan kofuna a jere, kowanne bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Bayansu gashi-gashi ne, ruwan ƙasa. Cikinsu sumul, launin toka, da zane a tsaitsaye kamar an ja da tsinke. A ƙasan kowane kofi kuma ga wasu 'yan ƙwayoyi a kwance, masu ɗan faɗi, suna ƙyalli. Sheƙa ce sak, da ƙwai a ciki.

Ya miƙe a hankali kamar wanda ya ɗauko ruwa a faranti, ya yafito Mai Aski. Shi kuma ya fito da almakashi a hannu, ya bar mutum a kujera da rabin kai. Ya karɓi madubin, ya sunkuya ya duba, ya ɗago ya ce wataƙila aikin wani ƙwaro ne.

"Ƙwaro yana saƙa sheƙa?" in ji Na-Sani. "Tsuntsu ne. Mafi ƙanƙanta a duniya."

"Tsuntsun da zai shiga nan, ina zai sa wutsiyarsa?"

"Ba shi da wutsiya. Na san irinsa."

"A ina ka san shi?"

"Na dai san shi. Ba a taɓa ganinsa ba ne kawai."

Kafin rana ta take ya gama tsara komai a kansa. Za a ƙyanƙyashe ƙwan a gaban shagonsa. Masana za su taso daga ƙasashe da jakunkuna a rataye, a yi hira da shi a rediyo, hotonsa ya shiga littattafan makaranta yana riƙe da madubi. Har ya fara tunanin wace hula ce ta fi karɓar fuskarsa. Dattijon mai agogo ya gaji da jira ya kwashe kayan agogonsa a hankici ya tafi, Na-Sani bai ma ga fitarsa ba.

Matsala ɗaya ce, ruwan Hajiya. Ya kakkaɓe gwiwoyinsa ya hau bene, ya yi gaisuwa mai tsawo, sannan ya shaida mata cewa a duk lambunan duniya, da na sarakuna da na attajirai, nata ne wannan tsuntsu ya zaɓa ya yi sheƙa, kuma idan an zo raɗa masa suna, Tsuntsun Hajiya za a sa. Abin da ake roƙo kawai shi ne a dakatar da ban ruwa, domin sanyi yana kashe ƙwai. Hajiya ta sauke tabarau ta dube shi ta samansa, ta tambaya har zuwa yaushe. Ya ce lissafi ne mai sauƙi: kaza da duk girmanta 'yan makonni take yi, to wannan da ƙwansa bai fi ƙwayar dawa ba ai kwana kaɗan ne. Hajiya ba ta gamsu ba, amma sunan ya yi mata daɗi a kunne. Ta ce ta ba shi kwana kaɗan ɗin, kuma idan fure ɗaya ya sunkuyar da kai, shi da ita ne.

Da yamma lambun ya zama kamar wurin da aka yi hatsari. Ya kewaye shi da igiyar shanya, ya kafa laimar matarsa a kan sheƙunan, ya hana kowa wucewa ta gefen. Masu zuwa aski sai sun tsallake kwata kafin su kai ƙofa, wani mai ƙiba ya gwada ya bar takalmi ɗaya a ciki. Kyanwar Kafinta da ta saba kwanciya a inuwar furannin ta zo kamar kullum, Na-Sani ya bi ta da tsintsiya, ya haɗa da igiyar da Mai Aski ke shanya tawul, tawul ɗin duka suka bi takalmin mai ƙiba.

Abin da ya rage shi ne a ga uwar. Ya ce irin wannan tsuntsuwa tana da kunya, da sassafe kaɗai take saukowa. Washegari gari na soma haske ya kwance koren labulen ɗakinsu, ya zo ya kwanta rubda ciki a bakin lambun ya lulluɓa, ba abin da ke waje sai ido ɗaya da madubi. Cinnaku suka same shi a kan hanyarsu, suka bi ta ƙafar wando suka hau. Ya cije baki ya daure, yana gaya wa kansa cewa haka duk manyan masana suka sha. Can wani abu ya zo yana ɗan kuka a kunnensa, ya sauka a wuyansa ya soka masa baki. Hannu bai nemi shawarar kowa ba, ya kai mari.

Daidai lokacin Mai Aski ya iso buɗe shago. Ya ga labule yana mutsu-mutsu yana susa, ya ɗaga gefe, ya kama tafin hannun abokinsa ya duba. Ga wani ɗan abu mai fiffike a murƙushe.

"Shi ke nan," in ji Mai Aski a sanyaye. "Ka kashe uwar."

"Sauro ne."

"Kai ka ce ba a taɓa ganinta ba. Ta yaya ka san ba ita ce ba? Ko dai ba ka san kamanninta ba ne?"

Wannan tambaya ta matse Na-Sani a lungu. Cewa bai sani ba kuwa abu ne da bakinsa bai iya furtawa ba tun da aka haife shi. Ya gyara madubi, ya ƙura wa gawar ido na ɗan lokaci, ya yi ajiyar zuciya ya ce lalle ita ce, ya sani tun kafin ya duba, amma dama daga jin kukanta ba ta da lafiya.

Kafin hantsi labari ya gama layin. Kafinta ya zo da fuskar jimami ya yi masa gaisuwar rashi, ya ce idan ana bukatar akwati yana da guntun katako daidai ita. Mai sayar da takalma ya riƙe hannunsa ya ce a yi haƙuri, haka duniya take. Na-Sani ya amsa gaisuwar kowa da kai a ƙasa, kuma a nan ya sanar cewa tunda ƙaddara ta bi ta hannunsa, shi zai riƙe marayun. Shi zai yi kwancin.

Ya ɗebo sheƙa biyu da hantsaki, ya shimfiɗa auduga a kwalin ashana ya ajiye su, ya cusa kwalin a hammatarsa ta hagu ya matse. Ya ce a duk jikin ɗan Adam nan ne ɗuminsa ya fi kusa da na cikin tsuntsu. Haka ya shiga gida da hannu ɗaya manne a haƙarƙari.

Matarsa mace ce mai haƙuri, amma harshenta ya fi almakashin Mai Aski kaifi. Ta saurari bayaninsa har ƙarshe tana ninke wanki, sannan ta tambaye shi ko ta zuba masa abincin a kwano kamar kullum, ko kuwa yanzu watsa masa za a riƙa yi a ƙasa. Ya ce mata ranar da 'yan jarida suka cika falon nan za ta tuna wannan maganar. Ta ce za ta tuna, amma kafin su zo a dawo mata da labulenta da laimarta, don maƙwabta suna hango su har cikin gado.

Kwancin bai zo da sauƙi ba. Barci a zaune yake yi, jingine da bango, don kada ya juya ya danne marayu. Wanka ya koma na rabin jiki. A shago kuwa gyaran agogo da hannu ɗaya da rabi ya haifar da abin da ba a taɓa gani ba: wata mata ta kawo nata yana lattin 'yan mintoci, ta koma gida da shi yana tafiya da baya. Da ta dawo da faɗa, ya ce ya sani, agogon ne yake biyan bashin lokacin da ya ci. Idan zai nuna wa mutum hanya sai ya ɗaga gwiwar hannu kaɗan ya mayar, har yaran layin suka fara bin sa a baya suna kaɗa nasu suna kukan kaza.

Da kwanaki suka ɗan tura, kwalin ya jiƙe da gumi ya yi laushi, wani wari ya fara riga shi shiga wuri. Mai Aski ya rantse ba zai ƙara zama benci ɗaya da shi ba sai an buɗe. Aka buɗe. Sheƙunan sun narke sun haɗe da auduga, farar funfuna ta rufe su. Na-Sani ya duba ya kaɗa kai, ya ce baragurbi ne, ya sani tun ranar da ya ɗauka, shi ya sa ya zaɓe su don gwaji.

Daga nan ya ce zamanin hammata ya wuce, za a koma na'ura. Ya jawo doguwar waya daga shago, ya ɗauko fitilar teburinsa ya sa mata ƙwan lantarki mafi zafi da ya samu, ya sunkuyar da ita a kan sauran sheƙunan a ƙarƙashin laima. Ya kuma shirya wa 'yan tsakin masauki: rariyar shayin matarsa ta zama keji, murfin bayan wani tsohon agogo ya zama kwanon ruwa, ya zauna yana niƙa gero ƙwaya-ƙwaya da bayan cokali.

Ana haka sai ga sababbin sheƙuna sun ɓullo a ɗaya ƙarshen lambun, wajen da Mai Aski ke watsa ruwan wanke kai. Waɗannan da farko a rufe suke, da ɗan farin murfi a baki kamar fatar ganga, sai daga baya murfin ya yage ƙwai su bayyana. Na-Sani ya ce tsuntsun yana da dabara, har ƙofa yake sa wa gidansa.

"Tsaya," in ji Mai Aski. "Uwar ta mutu a hannunka, ni shaida ne. Wa ya gina waɗannan?"

"Uban mana."

"Ƙwan fa? Shi ya yi?"

"Ya sake aure."

"Tun ƙasar kabarin ba ta bushe ba? Lalle wannan tsuntsu ba shi da wutsiya, ba shi da kunya."

Furannin Hajiya kuwa ba su san da wani tsuntsu ba. Ga ƙishi, ga zafin fitila. Suka sunkuyar da kai ɗaya bayan ɗaya, ganye ya koma ruwan ƙasa, jajayen da ta fi so suka zube. Da ta sauko ta gani ba ta ɗaga murya ba, kuma duk wanda ya san Hajiya ya san wannan ya fi faɗa muni. Ta ce ƙaninta, wanda malamin gona ne, zai zo mata ziyara ranar Asabar. A ranar, ko dai ta ga tsuntsu da idonta, ko ta ga makullin shagonta a tafin hannunta.

Na-Sani ya ce ranki ya daɗe, ai kamar kin shiga zuciyata, ranar Asabar ɗin ce ma za su fito. Don ya tabbatar mata, ya durƙusa ya tallafe kunne da hannu ya kara a ƙasa, ya ce ga shi nan yana jin su suna ƙwanƙwasa ɓawo, ƙyas, ƙyas, ƙyas. Mai Aski ya nuna masa agogon da ke ɗaure a hannun da ya tallafe kunnen. Ya ce ya sani, amma ƙara biyu ce, sai mai kunnen sana'a ke rabe su.

A gida matarsa ta ajiye wasa gefe. Ta ce masa shagon nan da shi suke ci, da shi yara ke zuwa makaranta, kuma a shekarunsa ba wanda zai ba shi wani a bakin titi. Ta ce ya hau bene ya ba Hajiya haƙuri tun da sauran dama, ita za ta raka shi. Maganar ta shige shi. Ya zauna yana juya rariyar shayi a hannu. Amma ya riga ya gayyaci layin gaba ɗaya, ya aika wa surukinsa, har 'yar wani mai kawo masa gyara da ke aiki a gidan rediyo ta ce za ta zo da na'urar ɗaukar magana. Ya ce mata ta kwantar da hankalinta, ta dai goge masa farar rigarsa.

Ranar Asabar da hantsi gaban shagunan ya cika. An fito da benci da kujerun aski, wasu sun hau kan mota don su hango, ko da yake abin da za a hanga sai an durƙusa ake ganinsa. Hajiya ta sauko cikin farin leshi da farin mayafi, aka ajiye mata kujera dab da bakin lambun. Ƙaninta Malamin Gona na biye da ita, mutum mai sanyin hali da yawan murmushi. Ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashin laimar, fuskarsa ta washe kamar wanda ya gamu da tsohon aboki.

"Kai, sun yi kyau. Malam, ai waɗannan..."

"Na sani," in ji Na-Sani. "Zauna, ƙanena, yanzu za ka ga abin da ba a koya muku ba."

"A'a, ina nufin ba tsun..."

"Na sani, na sani. Kowa da farko haka yake cewa."

Malamin Gona ya dubi yayarsa, ta yi masa alama da ido ya bari. Ya koma ya tsaya ya harɗe hannu.

Na-Sani ya gyara hula ya matso bakin na'urar 'yar rediyo. Ya yi bayanin yadda tun yana yaro jikinsa ke ba shi cewa akwai wannan tsuntsu, da irin wahalar da ya sha, da rasuwar uwar, inda ya ɗan tsaya ya share ido. Sannan ya cire laimar don kowa ya gani, ya ce saura ɗan ɗumi na ƙarshe. Ya danna wuyan fitilar ƙasa har ƙwan fitilar ya kusa taɓa ɓarɓashin katakon, wanda ya bushe ƙayau tun da aka daina ban ruwa.

Kowa ya miƙa wuya. Hajiya ta sunkuyo tana gyara tabarau. Can Kafinta ya shaƙi iska ya ce shi fa yana jin ƙaurin katako, kuma ya san ƙaurin katako. Na-Sani ya ce warin ƙyanƙyasa ke nan, a yi shiru kada a firgita su. Wani siririn hayaƙi ya taso. Ya ce numfashinsu ne. Sai ga ɗan harshen wuta ya leƙo daga gindin busasshen fure, ya kama ganye, ya miƙe tsaye.

Mutanen gaba suka ja baya suka tattake na baya. Mai Aski ya yi tsalle ya fizgo tiyon Hajiya, ya murɗe famfo har ƙarshe, ya danne bakin tiyon da babban yatsa. A gigice bai saita ba, ruwan ya harba sama ya dawo ƙasa da manyan ɗigo kamar ruwan farkon damina. Ƙwan fitila ya fashe, wutar layin duka ta ɗauke, ta lambun ma ta mutu.

Amma ba wannan ne ya tsayar da mutane ba. Duk kofin da ɗigo ya faɗa cikinsa, sai ƙwan da ke ciki su yi tsalle su fito kamar an harba su da danƙo. Ta ko'ina suke tashi. Suka manne a farin mayafin Hajiya, suka manne a kan na'urar 'yar rediyo, biyu suka sauka a gashin bakin Na-Sani. Ɗaya kuwa ya kama ƙarfen tabarau ɗin Hajiya, ya sauko a kan wani siririn zare yana lilo daidai tsakiyar idonta.

"Sun tashi!" in ji Na-Sani, ya ɗaga hannu biyu sama, ruwa na zuba daga hularsa. "Jama'a ku shaida, sun tashi!"

"Mun shaida," in ji Mai Aski yana rufe famfo. "Yau mun ga tsuntsun da ya tashi bai tsaya fitowa daga ƙwai ba."

Dariya ta ɓarke har kan motoci. Hajiya kaɗai ba ta yi ba. Tana zaune a jiƙe, idanunta biyu sun haɗu a kan abin da ke lilo a gabanta. Ba tare da ta juya ba ta ce wa ƙaninta yanzu ya yi magana.

Malamin Gona ya sa yatsa ya cire ƙwan daga tabarau ɗin, ya ɗaga shi da zarensa. Ya ce Yaya, wannan tsiro ne, dangin laimar kwaɗi, irin masu fitowa a kan ruɓaɓɓen katako da kashin dabbobi idan wuri ya yi danshi. Kofin ba sheƙa ba ne, abin da ke ciki kuma jakar iri ce. Haka aka halicce shi: yana zaune yana jiran ɗigon ruwa ya faɗo ciki ya watsa jakunkunan waje, wannan zaren mai danƙo ya kama ganye ko reshe, daga nan irin ya bazu. Ya ce hanyar gane shi ba wuya, a taɓa kofin a ji ba saƙa ba ce, a ɗaga ƙwan da tsinke a ga zare a ƙarƙashinsa, a kuma duba a kan me ya tsiro.

"Wato abu ɗaya da yake bukata a duniya shi ne ruwa," in ji Hajiya.

"Shi ke nan, Yaya."

"Shi ne aka kafa masa laima."

Ta miƙa masa tafin hannunta. A karon farko a tarihin layin, Na-Sani bai ce ya sani ba. Ya laluba aljihu ya ciro makullin, ya ɗora mata. Dariyar ta lafa. Matarsa da ke tsaye a bayan taro ta sunkuyar da kai. Mai Aski ma ya ajiye tiyo ya matso yana cewa Hajiya a duba, shekara da shekaru ana tare, wauta ce ba mugunta ba.

Malamin Gona ya ji ba daɗi, ya so ya sassauta. Ya dafa kafaɗar Na-Sani ya ce kada ya damu, ba shi ne na farko da abin ya ruɗa ba, kuma ba kowa ne ke da idon da zai lura da shi ba ma. Ya ce dangin nan suna da yawa, wasu ma ana cin su, su ne waɗanda ake kira naman kaza.

Na-Sani ya ɗago kai a hankali.

"Naman me ka ce?"

"Naman kaza. Suna ne kawai da ake..."

"Kaza," in ji Na-Sani, muryarsa na dawowa. Ya juya ya fuskanci taron, ƙwai biyu na lilo a gashin bakinsa. "Kun dai ji da kunnenku, daga bakin malami. Mai Aski, ina tambayarka a gaban jama'a. Kaza tsuntsuwa ce ko ba tsuntsuwa ba ce?"

Mai Aski ya dafe kai da hannu biyu. Hajiya ta yi ƙoƙarin riƙe fuskarta, kafaɗunta suka fara rawa, sai dariya ta ƙwace mata, irin wadda ba ta da sauti, har ta cire tabarau tana share hawaye da jiƙaƙƙen mayafi. Da ta samu numfashi ta jefa masa makullin a ƙirji. Ta ce ya riƙe, don idan ta kore shi ba ta san inda za ta samo wani irinsa ba. Amma zai tone lambun nan da hannunsa, ya sake shuka kowane fure, kuma ba za ta ƙara jin kalmar tsuntsu a bakinsa ba, ko da jimina ce ta shigo shagonsa da agogo a wuya.

Ya ce ranki ya daɗe, ya san haka za ta ce.

Taro ya watse ana ta maimaita labarin. Matarsa ta zo ta kwashe laimarta da rariyarta, ta cire masa ƙwan daga gashin baki ɗaya bayan ɗaya, tana kaɗa kai. 'Yar rediyo tana naɗe wayarta ta tambaye shi, don ta rufe hirar, ko yanzu ya yarda ya yi kuskure.

Na-Sani ya matse ruwan hularsa, ya mayar da ita kai, ya ɗan yi tunani kamar mai son yin adalci.

"Kuskure ɗaya ne, 'yata, kuma ƙarami," in ji shi. "Ni na ce ƙwai ne, ashe nama ne."